Sunan da Ya Ceci Aikin Ilyasu

Ku gyara zama, ga wata shari'a da ta gagari masu ita.

Ilyasu ma'aikacin kwamfuta ne a wani kamfanin casar shinkafa. Shi ya gina shafin cikin gida da ake rubuta buhunan da suka shiga sito, amma kafin a buɗe shi sai an danna wasu lambobi masu ɗigo-ɗigo. Wa zai haddace wannan bayan ga lambar wayar matarsa? Kowa ya koma wa tsohon littafinsa. Ran Litinin manaja ya ce in Juma'a ta yi shafin bai buɗu a hannun kowane ma'aikaci ba, Ilyasu ya nemi wani aikin.

Tsoro ya kama shi, ga matarsa ta haifi namiji, suna ran Asabar. A gaban abokan aikinsa ya ce, "Duk wanda ya fid da ni, wallahi sunansa zan sa wa yaron nan."

Lawandi, tsohon mai awo da bai iya kunna kwamfuta ba, ya tambaya ko ba a iya raɗa wa shafin suna kamar mutum, a huta da lambobin. Ilyasu ya ce ana iyawa, ya kawo wani dogon suna na Turanci. Tsohon ya tsuke baki ya ce, "Kira shi rumbu, ko jikata za ta rubuta."

Amma suna ba ya aiki sai an shigar da shi rajistar da ke haɗa sunaye da lambobi, ita kuwa tana hannun Mikailu a hedikwata, inda takarda kan yi mako biyu. Mikailu ya shigar da sunan nan take ba tare da sa hannun shugabansa ba, yana sane za a iya korarsa.

Ran Juma'a da hantsi sunan ya buɗu a ofis, ya ƙi a sito. Zubairu mai gyara ya gano kwamfutocin can wata tsohuwar na'ura da ba ta san sabon sunan ba suke tambaya, ya hau babur cikin ruwan sama ya bi sito uku yana saita su. Yana gama na ƙarshe manaja ya shigo, ya rubuta rumbu, shafi ya buɗe.

Yanzu ga rago a ɗaure, liman ya zauna, su ukun suna kan tabarma ɗaya suna kallon bakin Ilyasu, yaro kuwa ɗaya ne. To, sunan wa ya kamata ya raɗa wa liman a kunne?