Waziri Cindo da Jakar Ƙi-Ruɓe

A zamanin da, a wata ƙasa da sunanta ya ɓace wa masu ba da labari, an yi wani sarki mai suna Jatau, wanda fatake kan yi tafiyar wata biyu don su ci kasuwar birninsa. Wata shekara Madugu Nagoma, shugaban fataken, ya zo da wata irin jaka daga bakin teku, shara-shara kamar ɓawon albasa. Ruwa ba ya ratsa ta, gara ba ta cin ta. Mutanen gari suka sa mata suna ƙi-ruɓe. Kafin damina biyu, ba mai zuwa cefane da kwando ko ƙwarya.

Sai damuwa biyu suka taso wa sarki. Jakunkunan da aka yar suka toshe magudanar ruwa, ruwan sama ya kwanta a rumfunan masu hatsi, awaki suna ci suna kumbura suna mutuwa. Tsakiyar kasuwa kuma ta zama abin tsoro, a fizge wa mace kaya da rana tsaka, a zare wuƙa kan ƙanƙanuwar magana.

Sarki ya tara fada, ya ce kowa ya faɗi abin da ya gani.

Sarkin Dogarai ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a ja layi da farar ƙasa kewaye da tsakiyar kasuwa. Duk wanda ba shi da rumfa, ɗan dako ne ko mai zaman inuwa, a fitar da shi. Jakar kuma a hana ta tun yau."

Madugu Nagoma ya ce, "Ranka ya daɗe, jakar ba ta yar da kanta ba. Talaka yana zuba mai a cikinta bai zube ba, mai gishiri yana ratsa ruwan sama gishirinsa bai narke ba. Don rago ya yar da abu, sai a hana mai hankali?"

Maganar ta fita gari, aka rabu. Masu rumfa suna son layi, ba sa son a taɓa jaka. Masu dabbobi suna son a ƙone jaka. 'Yan dako kuwa suka ce in an kore su, sai a faɗa musu inda za su ci abinci.

A fada kuwa akwai Waziri Cindo. Shi mutum ne da ba ya iya wuce rami bai leƙa ba. Da sarki ya dube shi, sai ya ce, "Allah ya ja zamaninka, abu ɗaya ke ba ni mamaki. Kasuwar nan ta shekara ɗari lafiya. Me ya sa ɓarayi ba su tashi ba sai shekarar da jaka ta zo? Ina roƙon kwana bakwai."

Sarki ya ba shi.

Waziri ya yi yini uku yana zagaya kasuwa yana tambaya, bai sami bakin zaren ba. A rana ta huɗu ya lura da wasu duwatsun zama a bakin kasuwa na gabas, sun yi sumul don daɗewa, ba kowa a kansu. Ya tambaya na wane ne. Aka ce na masu saƙar kwando ne da gyartai, masu ɗinkin fasasshiyar ƙwarya, kuma babbarsu, Inna Tasalla, tana nan bayan marina.

Ya same ta tana tsinkar zogale. Bayan gaisuwa ya ce, "Inna, me ya tashe ku daga bakin kasuwa?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wa zai ɗinka ƙwarya alhali ga abin da ake ba shi kyauta? Mun zauna wata shida muna kallon juna, muka tashi."

"Da kuna nan, ana sata haka?"

Ta yi dariya ta ce, "Shekarata arba'in a kan dutsen nan. Yaro in ya shigo da hannu wofi ya fito da ƙunshi, sai in ce, 'Ɗan Lantana, ina gaida uwarka.' Ya isa. Samarin da kuke cewa masu zaman inuwa kuwa, su ne a da suke yanko mana kaba da ganyen kalgo na ƙunshi. Aikinsu ya mutu tare da namu."

Waziri ya koma fada yana jinjina maganar. Ya roƙi sarki a yi gwaji ranar kasuwa: dogarai goma su tsare bakin yamma, Inna Tasalla da tsofaffi biyu su zauna a bakin gabas, da la'asar kowa ya faɗi abin da ya wuce ta gabansa.

Ranar kasuwa Waziri ya cire rawani, ya sa tsummar riga da malfa, ya rataya gatari, ya shiga ta yamma yana ɗingishi. Ya fita ta gabas, ya sake dawowa.

Da la'asar aka hallara gaban sarki. Sarkin Dogarai ya ce, "Mun mayar da mutum goma sha bakwai da ba su da rumfa. Ba wani abin zargi da ya wuce mu."

Sarki ya ce, "Ke fa, Inna?"

Ta ce, "Allah ya ba ka nasara, baƙi shida ne suka shigo, biyar masu goro ne, ɗaya ban san shi ba, na sa a bi shi da ido. Matar Sarkin Fawa ta fita tana fushi, wannan ba na kasuwa ba ne. Sai Waziri, da ya fita yana ɗingishi da ƙafar hagu, ya dawo yana yi da ta dama. Ban yi masa magana ba, na ce wataƙila yana da dalili."

Fada ta kwashe da dariya, har sarki ya rufe baki da hannun riga. Sarkin Dogarai ya sunkuyar da kai. Daga baya aka gane cewa cikin waɗanda ya mayar har da wanzamin sarki da mai kawo wa masu maganin gargajiya na birnin saiwoyi.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, mun ɗauka ciwo biyu ne, ashe ɗaya ne. Jaka ta kori kwando, kwando ya tafi da idon kasuwa."

Madugu ya ce, "Raƙumi ashirin na jaka ke gidana. In yi yaya da su?"

Inna Tasalla ta nemi a miƙo mata guda uku. Ta tsaga su, ta murza a cinya, sai ga igiya. Dogarai biyu suka ja, ba ta tsinke ba. Ta ce, "Igiyar guga wata uku take yi ta ruɓe. Wannan kun ce ba ta ruɓewa."

Madugu ya karɓa, ya juya ta, ya daɗe yana dubawa, bai ƙara gardama ba.

Sarki ya yanke hukunci. Za a ja layin, amma ba za a kori kowa don ba shi da rumfa ba. Abin da ba zai ƙetare shi ba wuƙa ce da takobi, sai na mahauta da wanzamai. Daga kaka, ba a ƙunsa kaya da ƙi-ruɓe a kasuwa. Wadda ke gidan Madugu da wadda ke cikin magudana, samari su tattara a murza igiya, Madugu ya kai garuruwan da rijiyoyinsu ke da zurfi. Masu kwando da gyartai su koma bakin kasuwa huɗu, dogari ɗaya kusa da su, yana jin maganarsu.

Sa'an nan sarki ya ce, "Inna, faɗi abin da kike so, ko sarauta ce."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, rawani nauyi gare shi. A dai kafa mana rumfa, rana ta gabas tana da zafi."

Kafin mako ya zagayo aka kafa, ruwa ya sami hanyarsa, mata suka koma cefane hankali kwance. A nan masu ba da labari suka ajiye shi, mu ma a nan muka tsaya.