Wa Zai Amsa Sunan Haliru?

Babanmu, Allah ya jiƙansa, idan an sallame la'asar yakan zauna a dakalin ƙofar gida ya jefa wa mutane labari mai ƙulli, ya koma gefe yana taunar goro, su kuwa su yi ta musu har magariba. Ni ban gaji bakinsa ba, karatuna ma a aji uku na sakandare ya tsaya. Amma ga nawa, ku matso. Shi ƙirƙirar nasa yake yi. Nawa kuwa kabarinsa yana gabas da garinmu Rafin Kanya, ƙasar ba ta gama kwantawa ba.

Haliru yayana ne, ɗan farin Inna. Kun san al'ada, tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. "Wancan" take ce masa, ko tuwo za ta ba shi sai ta turo kwanon tana kallon bango. Shi ne ya fara shiga jami'a a zuriyarmu, karatun likitan dabbobi, don ya gaji da ganin shanun mutane suna faɗuwa duk damina.

Ba shekarar da bai nemi tallafin ɗalibai ba. A kira su tantancewa, su yini a rana, a ɗauke su hoto, a ce su je za su ji. Har yau suna ji. Da hutu yake ƙwadagon gini yana biya wa kansa. Sai a shekarar ƙarshe, jarrabawa ta matso, masu sanyin ofis suka ninka kuɗin makaranta har uku, suka ce wanda bai biya ba zuwa Juma'a ya tattara kayansa. Ban san ko a cikinsu akwai wanda ya taɓa auna hatsi ya ga ba zai kai kaka ba.

Haliru ya dawo gida ya zauna a zaure kamar wanda aka yi wa rasuwa. Nan mutum uku suka tashi.

Na farko Kawu Barau, ƙanin Inna. Yana da fadama guda, gadon ubansa, mai ba da albasa kamar kan jariri. Ya je wurin wani dillali ya jinginar da ita. Kun san jingina, mai kuɗi shi ke noma shi ke ci, har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa. Kawu ya ce ba komai, Likita na fitowa zai fanso ta. Kuɗin suka kai rabi. Yau Kawu yana ƙwadago a gonar da aka binne cibiyarsa, da yamma yaron dillali ya ƙirga masa ladan yini a tafin hannu.

Ta biyu Tasalla, mai bin Haliru, yayata. Da sadakinta da kwasar adashi ta sayi injin markaɗe, shi ke ciyar da 'ya'yanta tun da mijinta ya kwanta ciwo. Da asuba ƙararsa ke tashin unguwa. Ta sayar da shi a yini ɗaya, farashin wanda aka ga idonsa ya yi ja, ta cika ragowar. Har ta ƙulle wani abu daban a bakin gyale ta ce na abinci ne, kada ya taɓa shi don wani abu. Yau tana bin layi da roba a hannu, a bayan matan da suke bin layi a ƙofarta.

Na uku Cindo ɗan acaba, abokinsa tun suna kiwon awaki. A lokacin an yanke layin waya a yankinmu, ba halin tura kuɗi, direbobi kuma sun daina bin hanyar daji saboda 'yan bindiga. Kuɗi a hannu, safiyar Juma'a ta yi, ba hanya. Cindo ya cusa kuɗin a buhun gawayi, ya buga mashin ya ce, "Hau, likitan awaki. In mun mutu ka yi mana allura a can." Suka isa banki a birni ana shirin rufe ƙofa. Da Cindo yana dawowa shi kaɗai aka tare shi, aka ƙwace mashin, aka karya masa ƙafa. Yau da sanda yake zuwa masallaci.

Ba don gonar Kawu ba, babu rabi. Ba don injin Tasalla ba, rabin bai cika ba. Ba don Cindo ba, da kuɗin sun kwana a buhu.

To, an biya. Sai makaranta ta ce saura kuɗin katin shiga jarrabawa, wanda ba a ambata da farko ba. Haliru ya kwance bakin gyalen Tasalla ya ba su. Ya koma shan garin kwaki da ruwan rijiyar bayan ɗakin kwana. Zazzaɓi ya kama shi, irin mai cin hanji. Abokin ɗakinsa ya ce ya aika gida a kawo na magani, shi ne ya gaya mana amsar da ya ba shi:

"Da wane baki? Gona ta tafi, inji ya tafi, ƙafar mutum ta tafi. In ce kuma a aiko na allura?"

Kunya ta hana shi, mai karatun magani. Ya rubuta takardar ƙarshe yana rawar sanyi, aka kawo shi gida a kwance, bai ga wata Juma'ar ba. Ni ina ci-rani a kudu, ƙasar kabarinsa na tarar. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Da daddare ban sani ba, amma da safe nakan ga ta share ƙofar ɗakinsa ta yayyafa ruwa, kamar mai jiran baƙo.

Ranar addu'ar bakwai sai ga mutanen ofishin tallafi da buhun shinkafa da mai ɗaukar hoto. Babbansu ya ce sunan marigayi yana cikin waɗanda za a biya a kashi na gaba. Kawu ya dube shi ya ce, "Ranka ya daɗe, a kai masa can gabas da gari, yana nan bai tashi ba." Shinkafar da ya kamata ya ci yana raye, ita suka kawo a dafa wa masu gaisuwa. Allah ya isa.

Yanzu sakamako ya fito. Haliru ya ci, har yana cikin na gaba-gaba. Abokin ɗakinsa ya kira ya ce ranar bikin yaye ɗalibai za a kira sunansa a lasifika, kuma an ba da kujera ɗaya, mutum ɗaya zai miƙe ya amsa ya karɓi takardar.

Aka ce Inna ta je. Ta girgiza kai ta ce, "Sunan da ban kira yana raye ba, ba zan amsa shi a gaban waɗanda suka cinye shi ba. Ku zaɓa a cikinku."

Kawu Barau ya ce shi ne makwafin uba, kuma yana so ya riƙe abin da fadamarsa ta haifa ko sau ɗaya. Tasalla ta ce nono ɗaya suka sha, kuma gyalenta ne abu na ƙarshe da ya kwance, tana so ta ga fuskar waɗanda suka karɓa. Cindo ya ce shi ya kai shi, shi ya kamata ya ɗauko shi, ko da jan ƙafa ne, su ji ƙarar sandarsa a kan dandamalin nan nasu.

Takarda ce kawai. Ba ta fanso gona, ba ta markaɗe, ba ta ɗora ƙashi. Amma ita kaɗai ta rage mai sunansa.

To jama'a, kun ji. Ranar da lasifika ta ce Haliru, wurin ya yi tsit, wane ne a cikin ukun nan ya fi cancanta ya miƙe ya ce na'am?