Harajin Tabarmar Caca

A ƙasar Tsaunin Kwano an yi wani sarki, Bagudu, wanda caca ta ɗaure wa kai. Malamai su ce a hana, ma'aji ya ce a ba da lasisi a karɓi haraji. Yau ya bi wannan, gobe wancan, har muryar sanƙira mai shela ta dushe. Ga damina ta ƙarato, manoma kuwa sai zuba irin shukarsu suke a caca.

Sarki ya kira tsohon hankakan fada, wanda ake jin shawararsa, ya ce, "Ni fa na rasa inda zan sa kaina."

Hankaka ya ce, "Ranka ya daɗe, saurari labarin Nomau mai karɓar haraji.

"A garinsu an sa haraji a kan kowace tabarmar caca. 'Yan caca suka ɗinke tabarminsu suka zama ɗaya, ta cinye rabin kasuwa. Aka mayar da harajin bisa kowane mutum, sai unguwa guda ta riƙa tura mutum ɗaya ya buga mata. Nomau ya rikice, ya tafi ya tuhumi Tamadi, wadda ta yi ɗinkin.

"Ta ce, 'Zauna, malam, ka ji labarin mijina. Da ana korar 'yan caca, kunya takan hana shi zuwa. Ranar da aka buga wa tabarma hatimi, ya kwashe irin geronmu ya tafi. Ya dawo hannu wofi yana ce mini ai sarki ya yarda. Ruwa ya sauka, na tsaya bakin gona ba abin shukawa, na yi kuka har na gaji. Shi ya sa nake ɗinki. Kai tabarma kake ƙirgawa, ba ka taɓa duba abin da ake zubawa a kanta ba.'

"Nomau ya koma gida jiki a sanyaye."

Sarki ya ce, "To, in hana ne ko in bari?"

"Wannan kam ni ma ban sani ba. Amma tambayi ma'aji da me aka biya harajin bana."

Ma'aji ya sunkuyar da kai. "Da gero, ranka ya daɗe. Rumbunan fada sun cika."

Sarki ya dubi hadarin da ke haɗuwa a gabas. Ya ce, "Ashe irin talakawana ne nake ajiye. Na ji, hankaka. Maganar doka ta jira. A buɗe rumbunan kafin ruwan nan ya sauka."