Bai Taɓa Kuɗin Cefane Ba

An yi wani mutum a cikinmu, a nan Kuala Lumpur, shekarun baya kaɗan. Ba zan faɗi sunansa ba. Malamin jami'a ne a gida, gwamnati ta turo shi ya yi digiri na uku a fannin lissafi. Ya zo da matarsa Walida da 'yarsu Mubina, suka kama ɗaki biyu a wani bene a Taman Melati. Shekara huɗu aka ba shi, kuma ya sa hannu cewa idan ya koma babu takarda, zai biya abin da aka kashe masa.

Mutum ne mai tsari. Ba ya cin bashi, ba ya shan taba, sahun farko ake ganinsa a masallaci.

Farkon abin, wasu samari 'yan kwaleji a Setapak ne suke haɗuwa ranar Asabar suna buga kartar nan da ake kira foka, a kan 'yan canji. Ya raka wani, ya zauna kallo, ya ga ai lissafi ne. Sati uku, ya fi su iyawa. Sai ɗayansu ya ce masa, "Oga, kana ɓata basirarka a kanmu. Shiga intanet mana, can ake yin ta gaske."

Bai faɗa da ka ba. Wata guda ya yi yana karanta yadda ake yi. Ya gano cewa a intanet wasan ya fi sauri nesa ba kusa ba, kartar da za a raba a awa ɗaya a ɗakin samarin nan, a can minti goma ya isa. Ya gano cewa masu karyewa su ne masu zama a teburin da ya fi ƙarfin aljihunsu. Don haka ya kafa wa kansa doka. Ya ware ringit ɗari biyar, ya ce wannan ita ce jakar wasa, ba ta haɗuwa da kuɗin gida har abada. Zai fara daga tebur mafi ƙanƙanta. Ba zai hau na gaba ba sai jakar ta kai kuɗin zama a wancan teburin sau arba'in. Idan ta ragu, zai sauko ba tare da jin kunya ba.

Ya 'yan uwa, ku saurara da kyau: ya riƙe dokar nan. Ko sau ɗaya bai karya ta ba.

Ranar da Walida ta gane abin da yake yi, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baban Mubina, wannan ba caca ba ce?"

Ya yi dariya. "Ɗan caca shi ne wanda yake sayar da katifarsa. Na taɓa rage miki kuɗin cefane?"

"A'a."

"Kuɗin haya fa? Na makarantar yarinya?"

Gaskiya ya faɗa. Da wannan amsar ya rufe bakinta shekara biyu, da ita kuma ya rufe bakin zuciyarsa.

To amma ƙaramin tebur ƙaramar riba yake kawowa. Don jakar ta girma, dole ya buɗe tebur huɗu a lokaci ɗaya, daga baya takwas. Ya kuma lura cewa da hantsin nan, lokacin da mutanen wancan ɓangaren duniya suka tashi daga aiki suna wasa a gajiye, shi ne kasuwa ta fi ci. Sai ya zama daga sallar asuba har azahar yana gaban kwamfuta. Wane lokaci ne ɗalibi yake zuwa ɗakin karatu? Wane lokaci ne malamai suke zama a ofis? Wannan lokacin ne dai.

Mai duba aikinsa wata dattijuwa ce 'yar ƙasar, Farfesa Sharifa, mai haƙuri. Ta sa masa rana bai zo ba, ya ce Mubina ce ba lafiya. Ta sake sa wata, ya ce jirgin ƙasa na LRT ne ya tsaya. A ƙarshen zango ta rubuta cewa aikinsa bai gamsar ba. Zango na gaba ta sake rubuta haka. A makarantar, idan aka rubuta wa ɗalibi haka sau uku, an sallame shi, kuma bizarsa da ta iyalinsa a kan karatun suke rataye.

Abokinsa Hambali, wanda suka zo a jirgi ɗaya, ya ja shi shagon abincin da ake kira mamak ya saya masa shayi. Ya ce, "Malam, ni na kai babi na biyar, kai kana na biyu tun bara. Wai me kake yi a ɗakin nan, ƙwai kake kwanci?"

Ya ce, "Komai yana kan tsari."

Da ya faɗi haka, jakar yake nufi. Ta kai dubu shida a lokacin.

Farfesa Sharifa ta roƙa masa dama ta ƙarshe. Aka sa ranar Talata, ƙarfe sha ɗaya, zai tsaya gaban malamai uku ya nuna inda ya kai. Wannan karon ya tsorata. Kwana goma bai buɗe wasan ba, ya haɗa abin da zai iya haɗawa. Walida ta goge masa riga tun ranar Litinin ta rataye.

Ranar Talata ya gama shirya takardunsa ƙarfe bakwai. Saura awa huɗu, tafiyar kuma ba ta kai rabin awa ba. Ya ce bari ya ɗan kwantar da hankalinsa. Ya ga wata gasa za a fara, kuɗin shigarta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na jakarsa ba. Doka ta yarda. Ya ce ai mutum ɗari bakwai ne, kafin awa ɗaya an fitar da shi.

Ba a fitar da shi ba. Ita gasa ba kamar tebur ba ce da za ka kwashe naka ka tashi, idan ka tashi komai ya tafi. Ƙarfe goma saura mutum arba'in. Walida ta leƙo da rigar a hannu, ya ce minti biyar. Sha ɗaya saura kwata, saura mutum goma sha biyu. Wayarsa ta yi ƙara, Hambali ne, ya kifa ta. Ta sake yin ƙara, lambar ofishin Farfesa ce. Ya dube ta har ta katse.

Ya zo na biyu. Ya ci ringit dubu huɗu, mafi yawan abin da ya taɓa ci. Ƙarfe ɗaya da rabi ya isa makaranta, yana gumi. Ya tarar da Farfesa ita kaɗai tana rufe ofis. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Mu uku mun jira ka awa guda. Na sa hannu a takardar sallamarka." Ya ce ko za a sake sa rana. Ta ce, "Tak boleh," wato ba zai yiwu ba, ta wuce.

Bayan wata biyu suka tattara kaya. Ana ɗaure akwatuna yana ta maimaita wa Walida, kamar mai neman shaida, "Amma kin san ban taɓa kuɗin gida ba."

Ta ce, "Da ma kuɗin ka taɓa, Baban Mubina. Da tun watan farko mun ji yunwa, ka daina."

Ya koma babu takarda. Jami'arsa ta tsayar da shi gaban kwamiti, aka fara yankar albashinsa. Dubu goman da ke jakar ko kuɗin jirgin su uku da kaya da kyar ta biya.

Ya 'yan uwa, wannan mutum bai yi asarar da kuke tsoro ba. Ya yi wa kuɗinsa katanga, ya bar kwanakinsa a buɗe. Wa ya ware masa safiya ɗari bakwai ya ce wannan ta wasa ce? Wane tebur ne ƙarami idan rayuwarka ka ɗora a kai? Allah bai haramta caca ga wanda bai iya lissafi kaɗai ba. Ya haramta ta ga wanda ya ci da wanda aka cinye, domin tana ɗauke zuciya daga salla da amana, kuma ba ta tambayar nawa ka zuba. Shaiɗan bai damu ka tsara zunubinka da kyau ba. Tsarin ma shi ne ya hana wannan bawan Allah jin zafin da zai farkar da shi.

Duk wanda a cikinmu yake da irin wannan jaka a wayarsa, yana cewa tasa daban ce, ya rufe ta yau, tun rigarsa tana rataye ba a kira shi ba.

Allah ya kiyaye mu da iyalanmu, ya sa albarka a lokacinmu, ya mayar da kowa gida da abin da ya fito nema. Amin.