Koriyar Motar Alhaji Ladan

An yi wani bawan Allah a wani gari, ba sai na kama sunan garin ba, shekarun baya can, ana ce masa Sallau mai goge, wato gogen mota. Ku matso, jama'a, ku saurara.

Sallau tsofaffin motoci yake gyarawa, amma ba ya taɓa inji, jikin mota ne aikinsa. Motar da rana ta dafa, fentinta ya koɗe, baƙar robar gefenta ta yi fari fat kamar ƙafar da ta shekara ba ta ga mai ba, ita ake kawo masa. Ba shi da gareji. Gindin wata darbejiya ne wurinsa, kayan aikinsa kuwa bokiti ne da samfefa da gwangwanin folish da tsummokara. Zai zauna ya yi ta goga, ya yi ta goga, yana salati ƙasa-ƙasa, har sai motar ta dawo hayyacinta.

Tsallaken titi kuma akwai Mamuda. Wurin ubangida ɗaya suka koyi aiki, Mamuda ne babba, shi ya sa Sallau ke ce masa Yaya. Allah Ya buɗa wa Mamuda. Yana da gareji mai rufin kwano, yana da injin feshi, ga baiwar haɗa launi da babu mai irinta a garin. Ya kalli mota sau ɗaya, ya haɗa maka fentinta sak.

To me Mamuda ya rasa? Bai rasa komai ba, wallahi. Sai dai idan mutum ya karɓi motarsa a wurinsa, cewa yake, "Mamuda ya iya aiki." Idan kuwa a wurin Sallau ya karɓa, sai ka ji ya ce, "Allah Ya yi maka albarka, Sallau." Wannan ɗan bambancin shi ya hana Mamuda sakat. Yana cikin feshi, idonsa na tsallaken titi. In ya ji dariya a gindin darbejiya, sai abinci ya fita ransa. Ya riƙa cewa a zuci, "Mai tsumma! Ni na nuna masa yadda ake riƙe samfefa, amma yau shi ake sa wa albarka."

Ana nan sai wani attajiri, Alhaji Ladan, wanda ya daɗe yana kai wa Mamuda aiki, ya sa aka jawo wata tsohuwar mota koriya. Ta mahaifinsa ce marigayi, ta yi shekaru a ajiye a bayan gida. Mamuda ya zagaya ta ya ce, "Alhaji, wannan sai an kankare ta kaf, a yi mata sabon feshi."

Alhaji ya ce, "Fentin nan da hannunsa Baba yake wanke shi duk safiya. Ba na so a kankare."

"To ba ta gyaruwa, ranka ya daɗe."

Alhaji ya tsallaka titi ya kira Sallau. Sallau ya zo, ya gai da yayansa, ya laƙuto folish da tsumma, ya goga wuri kaɗan kamar tafin hannu. Sai ga kore shar ya fito, kamar ganyen mangwaro bayan ruwan sama. Ya ce, "Alhaji, fentin nan bai mutu ba, barci yake yi. Zai tashi in Allah Ya yarda."

A gaban idon Mamuda aka tura motar nan daga ƙofar garejinsa zuwa gindin darbejiya.

Kwana biyar Sallau yana kanta. Ya wanke, ya goge, ya bi robar tagogi ɗaya bayan ɗaya da mai har ta koma baƙa wuluk, ya murje tsatsar bamba har ta ɗauki ido. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna gyara zaman hularsu a jikin ƙofar motar. Kwana biyar ɗin nan kuwa Mamuda yana kallo, kowace goga kamar a ƙirjinsa ake yin ta.

Ku saurara da kyau, nan ne Shaiɗan ya sami ƙofa. Ranar Juma'a aka kira salla, layin kanikawa ya watse, kowa ya nufi masallaci. Mamuda ya ce cikinsa na ciwo. Da ya ga titi ya yi tsit, sai ya ɗauki gwangwanin man birki. Masu mota a cikinku sun sani, man birki in ya zauna a kan fenti cinye shi yake yi. Ya tsallaka, ya tuttula shi a kan bonet, ya dawo ya rufe ƙofa. Ana can ana huɗuba, jama'a! Ana huɗuba!

Kafin a dawo, rana ta taya shi aiki. Fentin bonet ya kumbura, ya yamutse, ya saɓule kamar fatar da wuta ta ƙona. Alhaji Ladan ya zo ganin motarsa da la'asar, ya tarar da wannan. Ya ɗora hannu a ka. Ya zazzaga wa Sallau maganganu a gaban mutane, ya kira shi sakarai, ya kira shi maci amana. "Abu ɗaya da ya rage mini na Baba! Wa ya yi wannan? Faɗa mini in sa a ɗaure shi!"

Sallau ya durƙusa ya ce, "Ban ga kowa ba, Alhaji, ba zan ɗauki alhakin kowa ba. A hannuna ka bar amanarka, ni ne na tafi ban rufe ta ba. Ka yi haƙuri."

Kafin magariba, mutum biyu sun janye motocinsu daga gindin darbejiya sun kai wa Mamuda. Abin da yake so ke nan, ko ba haka ba? To ya karɓi makullan, ya jira daɗin ya zo. Daɗi bai zo ba.

Washegari da hantsi sai ga Sallau ya turo bonet ɗin a amalanke har cikin garejin Mamuda. Sallau ya yi sallama ya ce, "Yaya, taimako na zo nema. Abin da ya ƙone ba ya goguwa, sai feshi. Duk garin nan babu mai iya haɗa koren nan ya zo daidai da sauran jikin motar sai kai."

Mamuda ya kasa kallonsa. Ya jawo gwangwanaye. Mutumin da ke haɗa launi sau ɗaya, ranar sai da ya yi sau uku. Ya kankare, ya fesa, suka zauna a kan benci suna jira ya sha iska. Can dai Mamuda ya kasa daurewa, ya ce, "Sallau, wai ba ka zargin kowa?"

Sallau ya ce, "Yaya, shekara ashirin kafaɗarka na jikin tawa a sahun Juma'a. Jiya wani baƙo ne a wurin."

"Ka sani ke nan. Ka sani, kuma ka kawo mini?"

"Zato na yi, zato kuwa ba shaida ba ne. Da na buɗe baki jiya, da yau 'ya'yanka ba su iya fita unguwa. Fenti ne ya lalace, Yaya. Ba na so in haɗa da kai."

Jama'a, ƙaton mutum da furfurarsa ya kife fuska a cinya yana kuka kamar an yi masa mutuwa.

Sallau ya roƙe shi ya bar maganar a nan, Mamuda ya ƙi. Da ƙafarsa ya je gidan Alhaji Ladan ya faɗi abin da ya yi. Kada ku zaci an tafa masa. Alhaji ya ce ya tashi ya ba shi wuri, kuma har ya bar duniya bai sake kai masa ko keke ba. Amma a ranar ya zo gindin darbejiya, ya kama hannun Sallau a gaban mutanen da suka ga ya zage shi, ya nemi gafara. Labari ya bazu, garejin Mamuda ya yi kusan shekara kamar kango. Mutum ɗaya ne bai fasa tura masa masu neman feshi ba, kun san ko wane ne.

Kuma kada ku zaci hassadar ta fita rana ɗaya. Mamuda da bakinsa yake faɗa, har ya tsufa, in ya ji ana yabon Sallau sai wani abu ya tsunkule shi a ƙirji. Sai dai ya samo magani. Da ya ji tsunkulin, zai ajiye aiki, ya tsallaka titi, ya ɗaga murya ya ce, "Allah Ya ƙara albarka, Sallau." Wata rana sau ɗaya, wata rana sau huɗu.

'Yan uwa, mun saba cewa hassada ga mai rabo taki ce, muna mantawa da abin da take yi wa mai ɗauke da ita. Ta hana Mamuda ganin baiwar da ke hannunsa, ta hana shi sallar Juma'a, ta zubar masa da mutunci. Sallau kuwa an zage shi bai rama ba, ya sami damar tona asiri ya rufa, Allah Ya wanke shi ba tare da ya ce uffan ba.

Kowannenmu yana da wanda yake hange a tsallaken titi. Wani maƙwabcin shagonsa ne, wani abokin aikinsa, wani ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya. Kun san shi, sunansa ya faɗo muku a rai yanzun nan da nake magana. To kafin ku isa gida yau, ku yi masa addu'ar alheri, ku kama sunansa, ko da harshen ya yi nauyi. Wanda kuma aka cuta a cikinku, ya riƙe bakinsa daga zato, ya bar wa Mai sama. Allah Ya wanke mana zukatanmu, Ya sa mu ga alheri a hannun ɗan uwa mu ce masha Allah har cikin rai. Ku ce amin.