Malamin da Yake Raba Wuta a Aji

An yi wani mutum a wani ƙauye tsakanin Karaye da Rogo, malamin tauhidi ne a makarantar Islamiyya. Ba zan kama sunansa ba, don yana raye. Ya yi karatu, wannan ba a ja. Sai dai karatun ya hau masa kai.

In ya zo babin shirka, ba ya buga misali da "wani bawan Allah" kamar yadda malamai suka saba. Sunayen mutanen gari yake kamawa. Sai ya ce, "Sulle na Kurugu ya sha rubutu da yana jinya. Mene ne hukuncinsa?" Aji ya amsa baki ɗaya, "Ya fita daga Musulunci!" Ya yi murmushi ya kama sunan wani.

Ya 'yan uwa, wa ya ba shi mabuɗin wuta? Mas'alar da manyan malamai suke taka-tsantsan a kanta, shi yake yanke ta kafin alli ya sauka daga allo.

Abokin aikinsa, Malam Yusha'u, ya ja shi gefe ya ce, "Malam, ka koya musu hukunci, ka bar sunayen mutane." Ya ce ai tsoro ne yake damun Yusha'u.

Yara suka girma da wannan karatu. Suka daina cin yankan iyayensu, suka daina bin limamin gari salla. Malam yana jin daɗi, yana cewa shuka ta yi kyau.

Ana nan sai mahaifiyarsa, Inna Hajo, ta kwanta ciwo a wurin ƙanwarta a Fulatan. Da ciwo ya yi tsanani aka kawo mata rubutu, ta sha. Ba ta tashi ba. Labarin rubutun kuwa ya riga gawar isowa gida.

Aka fito da makara ƙofar gida. Mutanen gari kaɗan ne suka zo, tunda ya daɗe yana cewa sallarsu ba salla ba ce. Ɗalibansa sun zo, amma suka tsaya can gindin darbejiya. Ya yafuto su. Ba wanda ya motsa.

Ya je wurin babbansu, Mu'az, ya ce, "Mu'az, uwata ce fa."

Mu'az ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, kai ka koya mana."

Da tsofaffi kaɗan a bayansa ya sallaci uwarsa, yana kuka. Kafin a share makoki ɗaliban suka yanke cewa shi ma ya fita, tunda ya sallace ta. Aji ya watse. Ba mai gaishe shi a hanya.

Yanzu yana bin gidajen da ya ɓata wa suna yana neman gafara. Wasu sun yafe, wasu sun ce a ce ba sa nan. Da ya isa gidan Sulle, aka nuna masa hanyar maƙabarta. Wa zai yafe masa a can?

Ya 'yan uwa, ilimi amana ne. Wanda ya kafirta ɗan uwansa ba bisa haƙƙi ba, maganar kansa take komawa. Malami, ka koyar da hukunci, ka bar wa Allah bayinsa. Abin da ka zuba a kunnen yaro, wata rana a ƙofar gidanka za a juye maka shi.

Allah ya tsare harsunanmu, ya sa mu cika ba haƙƙin kowa a wuyanmu. Allah ya kiyaye mu. Amin.