Hannun Tanne da Jinin Samiratu

Akwai wata ungozoma a wani ƙauyen ƙasar Kurfai, ana ce mata Tanne. Rabin yaran garin ita ta yanke musu cibi, shi ya sa ba mai faɗa mata magana kan cikin mace.

Ɗiyarta guda ce, Samiratu. Cikinta na fari ya ɓare, aka yi mata wankin ciki a asibitin Filinge. Bayan ta warware, ran nan tana daka gero sai jini ya ɓalle mata kamar an fasa tulu. Kafin a samo amalanke jinin ya tsaya da kansa.

Duk da haka aka kai ta Filinge. Ungozomar asibiti ta duba ta, ta ce kada kowa ya taɓa cikin nan. A kai ta Yamai a yi mata eko, hoton da ke nuna gudun jini, don wani sa'in jijiyoyin mahaifa kan cukurkuɗe bayan wanki, su riƙa fashewa ba sallama.

Tanne ta taɓe baki. "Wagga ɗiya da aka haifa jiya za ta koya mini ciki? Sauran dauɗa ce."

Ta maido ɗiyarta gida. Ta dafa ruwa da ganye, ta gasa mata mara, ta danna, ta murza, yadda take yi wa masu jego. Jini bai dawo ba, Tanne ta bi gida-gida tana yabon hannunta. Da Kailu, mijin Samiratu, ya tada zancen Yamai, cewa ta yi ya je ya ji da girbinsa.

Ana ɗaurin damman gero jinin ya dawo, wannan karon bai tsaya ba.

A Yamai eko ya nuna jijiyoyin sun harɗe kamar saiwar ciyawa. Likita ya ce da sun zo tun farko, da an gwada magani ko a toshe jijiyar. Yanzu sai dai a cire mahaifar, in ana son ranta.

Aka cire.

Da Samiratu ta farfaɗo ba ta yi kuka ba. Ta dubi uwarta ta ce, "Inna, dauɗar ta hita duka?"

Har yau ana kiran Tanne karɓar haihuwa. Tana zuwa, ta wanke jikokin wasu, ta miƙa, ta koma gida.

Darasi: Tsayawar jini ba warkewa ba ce, kuma daɗewa cikin sana'a ba ta ba hannu ido. In aka ce a je a yi hoto, a je tun mace na tafiya da ƙafarta. Ku tura wa iyaye mata, musamman mu da ba a iya gaya mana.